Ranar da Injin Malam Ya Ƙi Mutuwa

Shekarar da Malam, maigidana, ya ajiye aikin koyarwa, na ɗauka zai yi abin da tsaransa suke yi ne: ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida da hantsi, ya kunna rediyo, ya jira kiran salla. Tarihi ya koyar a sakandare, kuma mutum ne mai tsafta har ta so ta yi yawa. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa ganin ɗigon manja a gaban rigarsa ba. To wannan mutumin ne ya shigo wata ranar Asabar da baƙin mai har gwiwar hannu, yana fara'a kamar an yi masa albishir, ya ce in zo in ga wani abu.

Gidanmu a cikin lungu yake, ta wajen Ƙofar Na'isa. A jikinsa akwai kangon kakannin Malam, ɗakunan sun zube tun kafin aurenmu, sai katanga da bishiyar darbejiya. Babbar ƙofar kangon tana kallon hanya, wata ƙarama ta langa-langa kuma tana buɗewa ta bayan madafata. Ta nan na bi shi. A ƙarƙashin darbejiyar na tarar an girke wata tsohuwar akori-kura. Fentinta ya koɗe har ba ka iya cewa shuɗi ne ko ruwan toka, tayoyin gaba a sace, kujerar kuwa da gani ka san kaji sun sha kwana a kai.

Na ce, "Malam, wannan fa?"

Ya ce, "Mota ce."

"Na ga mota ce. Tana tafiya?"

"Ai da tana tafiya da ban saya ba."

Wanda ya sa masa wannan ra'ayi abokinsa ne tun na makarantar allo, kowa Alhaji yake ce masa. Asalinsu mutanen Barno ne, amma kakanninsa ma a cikin birni aka binne su. Turaren wuta da huluna yake sayarwa a da, 'ya'yansa sun karɓi shagon, shi kuma ya sami lokaci. Ba bakanike ba ne, kamar yadda Malam ba bakanike ba ne. Ya dai taɓa cire injin wata tsohuwar bas ɗinsa ya sa mata wani, tun daga nan abin ya shiga ransa. Abin da suka shirya shi ne su cire mataccen injin fetur da ke cikin akori-kurar, su dasa mata injin gas, wato na dizal.

Maƙwabta sun ɗauka neman sauƙin mai ne. Ni na san ba haka ba ne, don a lokacin gas ya riga ya fi fetur tsada. Da na tambayi Malam dalili, sai ya ce, "So nake in ga ko za ta karɓa." Iyakar amsar ke nan, kuma ban taɓa samun wadda ta fi ta ba.

Suka kafa ƙarafa uku a kan motar kamar murhu, suka rataya sarƙa, suka zaro tsohon injin. Sannan aka shiga zirga-zirgar kasuwar Ƙofar Ruwa. Kusan kullum su tafi da safe su dawo bayan azahar, hannu banza, baki cike da labari: wannan injin ya yi girma, wancan ya taɓa shan ruwa, wani kuma mai shi ya ƙi yarda a buɗe a duba. Har na fara zaton yawon ne kawai yake musu daɗi. Sai ga shi wata rana an turo wani a kan kura, baƙi ƙirin, an ɗaure shi da igiya. Daga cikin wata tsohuwar motar ɗaukar kaya aka ciro shi.

Daga ranar kayana suka fara ɓacewa. Tsohuwar tabarmata ce ta fara tafiya, a kanta suka baje injin gunduwa-gunduwa. Sai gwangwanayen madara da nake tarawa, aka zuba notuna a ciki. Sai babbar robar wanki, aka cika ta da gas ana wanke ƙarafa. Buroshin haƙori kuwa, in ka ajiye naka ya ɗan tsufa, ka yi sallama da shi. In Malam ya shigo cin abinci sai ya cuɗa hannunsa da toka da sabulu, amma warin gas ba ya fita, har a jikin tuwo kana jin sa. Na yi mita kwana biyu na gaji.

Ni ɗinki nake yi, kekena yana bakin tagar da ke kallon kangon. Ina taka keke ina jin su. Alhaji da kunne da yatsa yake aiki, ya shafa ƙarfe ya ce wannan ya ci, wannan da saura. Malam kuma sai ya ɗauko waya ya nemo bidiyon wani mutum a wata ƙasa yana kwance irin injin, ya tsayar, ya mayar baya, ya tsayar.

Alhaji ya ce, "Malam, wannan mutumin naka ba a rana yake aiki ba. Ka ga garejinsa har da fanka."

Malam ya ce, "Amma notunansa ba sa raguwa in ya gama. Kai naka fa?"

Haka suke yini. In Alhaji yana nan ba na shiga sai dai in miƙa musu ruwa ko kunun aya ta ƙofar langa-langa. In ya tafi da yamma sai in shiga in tsaya ina kallo.

Abin da na sani game da inji, a wajen janaretanmu na koya. In ya ƙi tashi, a cire filogi a kankare a mayar. Saboda haka wata yamma na zagaya injin nan ina neman filogi, ban gani ba.

Na ce, "Malam, ina filogin?"

"Ba shi da shi."

"An sace ne?"

"Haka aka ƙera shi. Injin gas ba ya amfani da filogi."

"To me yake kunna wutar?"

Ya dube ni kamar yadda nake jin yana duban ɗalibin da ya yi tambayar da yake jira. Ya shiga zaure ya ɗauko tsohon famfon keke, ya ce in toshe bakin da babban yatsana. Ya yi ta bugawa da ƙarfi, iska tana neman ture mini yatsa. Sannan ya ce in taɓa gindin famfon. Na taɓa na ji zafi rau.

Ya ce, "Iska ce. In aka matse ta, zafi take yi. Wannan injin yana matse ta a cikin ɗan wuri har ta fi garwashi zafi. Sai wannan ɗan ƙarfen, nozul, ya fesa mata gas siriri kamar feshin turare. Da ya taɓa ta sai ya kama da kansa."

Ban yarda nan take ba. Na ce ko gogar ƙarfe da ƙarfe ce ta sa famfon zafi. Ya ce in buga ba tare da na toshe bakin ba. Na buga na buga, ya ɗan yi ɗumi kawai. Ranar har na gama tuwon dare ina tunanin abin. Ina fifita wuta da maficina ina kallon hannuna, iskar da nake kaɗawa ta sanyaya mini fuska, ashe ita ce in an ƙuntata mata take kunna mai. Na shekara da shekaru ina jin manyan motoci suna wucewa ta bakin ƙofa, ban taɓa tambayar abin da ke faruwa a cikinsu ba.

Da suka gama haɗa injin, suka sauke shi da sarƙa a cikin motar, sai aka ga inda aikin yake. Ƙafafun da tsohon injin yake zama a kai ba su yi daidai da wannan ba. Bakinsa da bakin giya ba su haɗu ba, ramukan noti kowanne yana kallon wani wuri. Ga shi ya fi na da tsayi, bonet ya ƙi rufuwa. Ga nauyi, gaban motar ya durƙusa kamar akuya tana cin dusa.

Maganar ƙafafu mai walda ya zo ya gyara. Maganar bakin giya kuwa sai an yanko farantin ƙarfe mai kauri da zai shiga tsakani, ramukan inji a gefe guda, na giya a ɗaya gefen. Ana bukatar a fara fitar da siffarsa a kwali. Malam ya gwada da almakashina, kwalin ya fito kamar ɓera ya ci. Na ce ya kawo. Na ɗora kwali a bakin ƙarfen, na bi gefen da allin ɗinki, na danna kowane rami da yatsa har ya fito, na yanka. Wannan ne karo na farko da baƙin mai ya taɓa hannuna, kuma na ji daɗin aikin fiye da yadda na nuna.

Suka kai wa masu yankan ƙarfe. Farantin ya dawo sumul, gwanin sha'awa, aka ɗora, rami ko ɗaya bai hau ba. Suka juya shi sama, suka juya shi ƙasa. Can Alhaji ya kifa kwalin a kai, sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Ashe a cikinmu babu wanda ya rubuta wace fuska ce gaba, masu yankan suka kifa kwalin suka huda. Kamar ka yanka wa riga hannun hagu guda biyu. Aka sake wani. A kwali na biyu Malam ya rubuta "gaba" da boko da ajami, har da kibiya.

Damina ta shigo ta same su a kai. Aka ɗaura tamfol a jikin darbejiya. Aka ƙara wa gaban motar ƙarfi ta miƙe, aka sayo babban batir, aka bubbuga cikin bonet har ya yi ɗan tozo ya rufu. Salansa ce kawai ba a haɗa ba, da dogon ƙarfen da ke kai juyi zuwa tayoyin baya. Motar tana kan duwatsu. Suka ce bari a fara jin muryar injin kafin a ci gaba.

Ranar Laraba ce, bayan azahar. Malam ya ce in zo in tsaya a bakin ƙofa in gani, tunda da hannuna a ciki. Suka tsoma tiyo a jarkar gas. Wai iska ta shiga hanyar mai, sai an kore ta, in ba haka ba injin ba zai tashi ba. Alhaji ya sassauta notunan da ke kan nozul, Malam yana murza makulli, kumfa tana fitowa tana tsartuwa. Suka daɗe a haka, a murza, a huta, a murza, har kumfar ta ƙare gas zalla ya fara fita. Alhaji ya ɗaure notunan ya ce, "Bismillah."

Injin ya yi tari. Ya sake tari, farin hayaƙi ya turnuƙe. Sai ya kama.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan a kusa ba. Ba salansa, ga katanga ta kewaye. Ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafata, kwanukan madafa suna kaɗawa a bayana. Tantabarun maƙwabcinmu suka tashi gaba ɗaya. Malam da Alhaji suka kama hannun juna suna girgizawa, bakinsu yana motsi, ba mai jin wani. Mata suka fara leƙowa ta kan katanga. Wata tsohuwa da ke ƙarshen lungunmu ta shigo da ƙwaryar dawa a ka, ta ɗauka injin niƙa aka buɗe.

Muna cikin haka na hango ladan ya wuce ta bakin babbar ƙofa yana toshe kunne. Masallacin unguwarmu bayan katangar kangon yake, bango ɗaya ya raba. La'asar ta yi. Na yi wa Malam nuni da hannu, ya gane, ya leƙa cikin motar ya murza makulli.

Injin bai ko canja murya ba.

Ya sake murzawa. Ya zare makullin gaba ɗaya, ya ɗaga shi sama yana nuna wa Alhaji, fuskarsa kamar ta wanda ya ga gawa ta tashi zaune. Alhaji ya ɗauki sifana ya cire kan batir. Injin yana ta aikinsa. Ni kuwa a bakin ƙofa, tsoro da mamaki sun haɗu mini, amma mamakin ya fi yawa. Sai a lokacin na ga ma'anar abin da aka nuna mini da famfon keke. Abin da ba wutar batir ce take kunna shi ba, cire batir ba zai kashe shi ba.

Alhaji ya kai hannu zai zare tiyon daga jarka, Malam ya riƙe shi. Daga baya ya ce mini wahalar korar iskar nan ya tuna, kuma ko an zare ma, man da ke cikin hanya zai riƙe injin har a idar da salla. A sa giya a danne shi kuma ba dama, tunda ba a haɗa shi da taya ba. Ta bayan katanga na ga bakin lasifika, na san ana kiran salla, amma ko harafi ɗaya ban ji ba.

Alhaji ya rugo wajena ya yi ihu, "Hajiya! Abu mai faɗi! A toshe masa numfashi!"

Na faɗa madafa, abin da hannuna ya fara kaiwa faifai ne. Ya karɓa ya kifa a bakin da injin yake shan iska. Injin ya zuƙe faifan ya lotsa shi, iska tana bi ta saƙar, ya ɗan shaƙe ya ci gaba, hayaƙin ya koma baƙi. Na koma na ɗauko katakon da nake yanka albasa a kai. Alhaji ya cire faifan ya ɗora katakon, ya manne kamar an sa masa gam. Injin ya yi gurnani, ya jijjiga motar sau biyu, ya yi shiru.

Kunnena ya daɗe yana ƙugi. A cikin shirun muka ji liman ya yi kabbara, ashe har an tayar. Dattawan nan biyu suka ɗauki buta suka yi waje da gudu, hannu baƙi ƙirin. Tsohuwar mai dawa tana tsaye har lokacin, ta ce, "To yanzu niƙan fa?" Na ba ta haƙuri, na ba ta ruwa ta sha.

Bayan salla sai ga su sun dawo tare da liman. Na koma ciki na tsaya a bayan ƙofa, ina jiran faɗa. Liman dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya zagaya motar a hankali, hannu a baya, sannan ya ce, "Malam, an ce mini kun cire makulli abin nan bai mutu ba. Yaya aka yi haka?" Malam ya fara ba da haƙuri, liman ya ce haƙuri ya karɓa, bayanin yake so. Aka sake ɗauko famfon keke. Na leƙa ta kafar ƙofa na ga liman da rawaninsa ya toshe bakin famfo da yatsa, Alhaji yana bugawa. Da zai tafi ya ce abu biyu yake roƙo: a riƙa duba lokaci, kuma ranar da za a sake tayarwa a kira shi.

Washegari suka gano inda matsalar take. A jikin famfon da ke tura gas akwai wani ɗan hannu ƙarami, in an ja shi sai man ya yanke. A motar da aka ciro injin, waya ce take jan sa daga wajen direba, wayar kuma ba ta biyo injin ba. Suka sayo wayar burkin keke suka ɗaura, Alhaji ya sa mata marikin durowa a ƙarshe. Har yau in za a kashe motar, marikin nan ake ja.

Da aka gama komai, fitar farko da ni aka yi. Malam ya ce mu je kasuwar Dawanau mu sayo gero. Na zauna a gaba, an sake wa kujerar rufi da ragowar yadin labulena. Motar tana kaɗawa har haƙorana suna haɗuwa, magana sai da ɗaga murya. Gudu kuwa babu. Malam ya ce injin gas ba ya juyi da sauri kamar na fetur, giyar kuma ta fetur ce, don haka ko ya take iya takewa, iyakarta ke nan. 'Yan adaidaita sahu suna wuce mu suna waige. A gidan mai, mai zubawa ya ɗauko bakin fetur, Malam ya fito da sauri yana ɗaga hannu, ya sha bayani kafin a yarda a zuba masa gas.

A kasuwa, kafin mu tsaya sosai, wani dattijo mai auna hatsi ya karkata kai yana saurare. Ya ce, "Malam, jikin nan na fetur ne, muryar kuma ta gas. Wa ya yi wannan haɗin?" Malam ya ce shi da abokinsa. Mutumin ya ce a buɗe ya gani. Kafin a gama loda mana buhuna, mutane sun kewaye bonet, kowa da tambayarsa, Malam yana amsawa da hannu da baki kamar yana gaban allo. A dawowa na lura da wani abu. Da kaya suka danne bayanta, kaɗawar ta ragu, tafiyar ta daidaita, ko a hawa ba ta nuna ta san an ɗora mata komai ba.

Motar ta yi amfani. An kwashi kayan ɗakin amare da ita, an kai yashi masallaci, ƙanin Malam yana zuwa gona da ita. Amma shi Malam, tun da ta fara tashi bugu ɗaya, sai na ga ya rage shiga kangon. Ya zagaya ta, ya goge gilashi, ya dawo ya zauna. Hannunsa ya koma fari tas, fara'arsa kuma ta ragu.

Bayan sallar layya Alhaji ya zo da labarin wata tsohuwar jif a wani gida ta wajen Ƙofar Dawanau, mai ita ya rasu, iyalinsa suna so a ɗauke musu ita. Na ce zan bi su. Matar gidan ta shimfiɗa mini tabarma a inuwa, muka zauna muna kallo. Dattawan nan biyu suka tuɓe manyan riguna suka ninke, suka shige ƙarƙashin motar, ba ka ganin komai sai ƙafafu huɗu.

Matar ta ce, "Hajiya, me suke nema a ƙasan nan?"

Na ce, "Ban sani ba tukuna. Bari su fito in tambaya."

Malam ne ya fara fitowa, yanar gizo-gizo a hularsa. Ya ce wannan giyarta biyu ce, tana jan tayoyin gaba da na baya, farantin da za a yanka mata ba irin na farko ba ne. Na ce in gani. Ya karkaɗe wani buhu ya shimfiɗa mini a ƙasa, na gyara mayafina na durƙusa na leƙa.